Sunan Yayanku a Bakin Liang

Kun sha faɗa a bayan idona, wani lokacin ma a gabana idan kuna zaton barci ya ɗauke ni a kujera, cewa saɓani ne ya shiga tsakanina da yayanku, shi ya sa ya yi zamansa a Caina bai dawo gida ba. Sadiƙu na cewa korarsa na yi. Maryam na cewa a'a, wani ɗan Caina ne ya saye shi da keke. Auta kuwa, wadda a lokacin ko tafiya ba ta gama iyawa ba, ita ta fi kowa sanin labarin dalla-dalla. To ku ji daga bakin mai abin, tun ina da sauran ƙarfin riƙe alƙalami. Ban kore shi ba, ba a kuma saye shi ba. Kishi ne ya kama ni a wannan shekarar, irin kishin da ke hana mutum jin daɗin tuwo, kuma ba na jin nauyin faɗa muku, don har gobe ina ganin ina da hujjata.

Sai na fara da abin da ku 'yan yanzu kuke wa dariya. Yayanku ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa. Nauyi biyu ke nan a kaina. A gidan da na tashi, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa, idan aka yabe shi ma sai ya kau da kai kamar ba da ɗansa ake ba. Haka mahaifina ya yi da yayana har ya koma ga Allah, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ya ƙaunarsa. Ummanku ta sami mafita, tana ce masa Abba. Ni ko wannan bakina bai iya ba. Idan yana kusa sai in ce "kai", idan yana nesa sai in ce "ina wannan yaron?" Ku kun hau wuyana, kun ja mini gemu, Auta ma ta yi mini fitsari a babbar riga ranar sallah na yi dariya. Shi kuwa ko keke ba ni na koya masa ba. Ƙanena ne ya riƙe masa sirdi a layinmu, ni ina leƙe ta tagar soro, ya faɗi ya fasa gwiwa, na ji zafin har cikin cikina, amma ban fito ba. Ni a wurina wannan ita ce girmamawa mafi girma da zan iya yi masa, kuma na ɗauka ya sani.

A shekarun nan ina zaune a Guangzhou, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a unguwar Dengfeng, saman wani shagon waya. Kullum da safe in nufi kasuwar Canaan in zaɓi wanduna da riguna, a ɗaure, masu sauri a kai filin jirgin Baiyun su bi jirgin sama, sauran su jira kwantena. Ku kuna Kano da Ummanku. Da yayanku ya gama sakandare na samar masa gurbi a jami'a a can, na ce ya yi karatu ya kuma koyi yarensu, idan ya gama ya koma ya riƙe shago a gida, ni in ci gaba da turo kaya. Tsarin ke nan, kuma tsari ne mai kyau. Yana kwana a makaranta, ranar Juma'a ya zo wurina ya yi ƙarshen mako. Hirarmu kuwa ba ta da tsawo.

"An iso?"

"An iso, Baba."

"An ci abinci?"

"An ci."

Daga nan sai ya shige ɗaki, ni kuma in zauna ina jin motsinsa ta bango, raina fari ƙal. Ban san akwai abin da ya rage ba.

Da ƙafata na kai shi wurin Liang, wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai idan na tuna. Liang yana da shagon kekuna a ƙarshen layinmu. Sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, siriri, kansa duk furfura, amma ƙwaurinsa kamar taɓarya. 'Ya ɗaya gare shi, ta yi aure can arewacin ƙasarsu, matarsa kuma ta rasu. Mukan gaisa idan na wuce, ya ce mini "lawban", wato maigida, in ɗaga masa hannu. Yayanku ya ce yana son keke saboda makarantarsu faɗi gare ta, sai na ce ya biyo ni. Na yi ciniki kamar yadda na saba, na matse Liang har ya dafe kai, muka ɗauki wani keke mai kwando a gaba muka fito. Na lura yaron ya tsaya yana shafa wani keken daban da ke rataye a bango, mai kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago da taya mai kauri mai ƙurji-ƙurji. Liang ya ce masa wani abu da yarensu, yaron ya amsa, suka yi dariya. Ban tambaya ba.

Ashe keken burji ne. Ku ji wani abin mamaki. Mu da muka yi shekaru muna roƙon a shimfiɗa mana kwalta a hanyar ƙauyen kakanninku, ga mutane Allah Ya ba su kwalta sumul kamar faranti, sun bar ta suna neman hanyar tsakuwa da gangan. Liang da abokansa sukan fita ranar Asabar su nufi tsaunukan da ke arewacin gari, su bi tsofaffin hanyoyin manoma da na masu saran itace, su dawo butu-butu da laka suna murna. Ba a jima ba yayanku ya shiga cikinsu. Ya fara zuwa gida da ƙujewa a gwiwar hannu, ya sayi hular kwano, ya sayi wani ɗamammen wando da na ce muddin ina raye ba zai fita da shi ba sai ya ɗora wani a kai. Ya ɗora. Bai taɓa musu da ni ba, ku sani, ko sau ɗaya.

Wata ranar Asabar da la'asar ina dawowa daga Canaan, na shigo layinmu da leda a hannu, sai na ji an ƙwala kiran sunan mahaifina. Tsayawa na yi cak. Shekara da shekaru ban ji an ɗaga murya da sunan nan haka ba, tsirara, babu Malam babu Alhaji. Na waiga, sai ga Liang a ƙofar shagonsa ya saƙalo wuyan yayanku da hannu ɗaya, yana ƙwanƙwasa masa hular kwano da ɗayan, yana ta maimaita sunan kamar mai tallar gyaɗa. Yaron kuwa dariya yake yi har da sunkuyawa. Na rantse muku ban san haka haƙoransa na ciki suke ba sai ranar. Da ya hango ni sai ya zame daga hannun mutumin, ya gyara tsayuwa, fuskar ta koma wadda na sani. Ya zo ya karɓi ledar hannuna, ya ce sannu da zuwa. Na hau bene yana biye da ni.

Daga ranar na shiga neman laifin Liang, kuma na nema da gaske. Na ce wa yaron waɗannan mutanen ba su san halal da haram ba, me kake ci a daji? Ya ce Liang ba ya tsayawa da su sai a shagon taliyar Musulmin Caina, idan babu sai su ci ƙwai da gurasa dukansu. Na ce salla fa? Ya ce Liang ne ke tuna masa, ya haddace lokutan, yakan riƙe masa keke ya tsaya gefe har ya idar, ya ma ɗinka wata 'yar jaka a jikin keken don sallaya. Wannan amsar ta fi komai ɓata mini rai. Da mutumin banza ne, da na huta.

A damina Ummanku ta zo ta yi mana wata biyu. Kun san ta, ba ta kwana da magana a ciki. Ta ga yadda nake ajiye cokali duk lokacin da yaron ya fara "Liang ya ce". Liang ya ce idan za a gangara a ja jiki baya. Liang ya ce ba a danne birkin gaba a kan tsakuwa. Liang ya ce akwai wasu duwatsu can yamma da ƙanƙara ba ta narkewa a kansu. Da ya fita sai ta dube ni.

"Alhaji, wai me bawan Allahn nan ya yi maka?"

"Me zai yi mini? Ina ruwana da mai facin taya?"

"To ni dai na ga ko sunansa aka ambata sai abinci ya tsaya maka a wuya. Kishi kake yi."

"Kishi da wa? Ni na haifi yaron nan ko shi?"

"Kai ka haifa. Amma shi yake kira ya amsa."

Na ce mata shayin ya yi sanyi, ta ɗumamo. Ta tashi tana dariya ƙasa-ƙasa, ni kuwa maganar ta zauna mini a wuri guda ta ƙi motsi.

Da yaron ya kusa gama karatu sai Liang ya hawo benenmu a karo na farko, da kwalin ganyen shayi a hannu biyu, ya sa riga mai maɓalli har wuya. Na san mai zuwa neman wani abu idan na gan shi. Yayanku ne tafinta. Liang ya ce zai bar shagon ga wani ɗan'uwansa, zai fara sana'ar kai mahaya keke manyan duwatsun yamma, wajen Yunnan, inda akwai tsofaffin hanyoyin burji da ke hawa har kusa da ƙanƙara. Baƙi daga ƙasashe suna son zuwa, amma sai an sami wanda zai riga su bin hanyoyin ya san inda ruwa yake da inda ake kwana, wanda ya iya Turanci ya iya yarensu, kuma yana da ƙafa da hankali. Ya ce bai ga wanda ya kai yaron nan ba. Yayanku yana fassara yabon kansa yana kallon ƙasa, yana rage rabi. Can sai Liang ya dafa ƙirji ya ƙara wata magana, yaron bai fassara ba. Bai san 'yan shekarun da na yi a kasuwa sun isa in gane wannan ba. Cewa ya yi yaron nan kamar ɗansa yake.

Akwai kalmar da 'yan kasuwarsu suka yi shekaru suna jefa mini idan na nemi kayan da ba su da shi. Ranar na mayar musu da abarsu. Na dubi Liang ido cikin ido na ce, "Meyo." Babu. Ya gyaɗa kai a hankali, ya shanye shayinsa, ya yi godiya ya sauka. Na ce wa yaron idan an gama jarrabawa a shirya, shago na jira a Kano.

"Duk yadda Baba ya ce," in ji shi. "Sai dai akwai tafiya ɗaya da na riga na yi alkawari, bayan jarrabawa. Idan an yarda in je in dawo."

"A je. Amma da ni za a."

Ya ɗago ya kalle ni kamar na ce zan shiga gasar dambe. Ni kaina ban san zan faɗi haka ba. So nake in gani da idona abin da ke kan duwatsun nan wanda babu shi a gidana.

Muka hau jirgi, muka sauka, muka shiga wata ƙaramar bas da za ta riƙa bin mahayan da kayansu da abinci. Su shida ne a kan keke, ni da direba a mota. Direban ba ya jin ko kalma ɗaya ta wani yare sai nasu, ni kuma nawa yaren na ciniki ne, ba za a yi hira da "nawa ne" da "rage mini" ba, sai muka zama kurame biyu masu ba juna gyaɗa. Ba zan ɓoye muku ba, wurin yana da kyau har ya ba ni haushi. Duwatsu ne jere kamar ba za su ƙare ba, kawunansu fari fat, ƙasansu ciyawa kore shar, ga wasu shanu baƙaƙe masu gashi har ƙasa suna kiwo ba makiyayi. Ruwan rafi idan ka sa hannu don alwala sai ka ji kamar an sare maka yatsu. Hanyar kuwa tsakuwa ce zalla, tana nannaɗe dutse tana hawa, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya kwazazzabo wanda ba a son leƙawa. Iska ta yi ƙaranci. Ni da nake zaune a mota numfashi yake gagarata, kaina na sarawa, an ba ni wani gwangwanin iska ina shaƙa kamar maras lafiya. Su kuwa suna ta taka feda.

Ta taga nake kallonsu kwana da kwanaki. Liang a gefen yaron, yana nuna masa dutse, yana miƙa masa ruwa, yana tura bayansa da tafin hannu idan hawa ya yi tsanani. Sunan kuwa bai huta ba. Idan yaron ya wuce shi a hawa, ya kira sunan. Idan ya sha kwana da kyau, ya kira sunan. Idan za su gangara, yaron ne kullum a gaba don ba wanda ya kai shi sauri, sai ka ji Liang daga baya yana ƙwala masa kira yana zuga shi, duwatsu suna amsawa. Sunan mahaifina, mutumin da ko sa'anninsa sai sun ce Malam, yana yawo a kwazazzabon Caina kamar sunan ɗan ƙwallo. Da daɗi da ba daɗi na riƙe bakina.

Ranar da muka kai ƙololuwar hanya mafi tsawo, wajen hantsi, suka sauka suna rungumar juna. Akwai wasu ƙyallaye kala-kala da mutanen wurin suke ɗaurawa, iska na kaɗa su. Liang ya jawo yaron ya rataya masa hannu a kafaɗa, sannan ya miƙo mini wayarsa da murmushi, wai in ɗauke su. Ni uban yaro, ni ne mai hoto. Na ɗauka. Hoton nan da ke falon yayanku wanda kuke tambaya me ya sa rabin kan tsohon ya fita, to ni ne. Na ce musu sanyi ne ya sa hannuna rawa.

Daga nan sai gangare mai tsawo. Aka ce mota ta yi gaba ta sauka ƙasa a haɗa abincin rana, su za su ɗan huta su biyo baya. Muka gangara, kwana bayan kwana. An yi ruwa da asuba, hanyar ta jiƙe. Muna shan wata kwana mai kaifi da dutse ya rufe abin da ke bayanta, sai direba ya taka birki har goshina ya daki gilashi. Hanya ta zaftare. Ba rabi ba, dukanta ta tafi ƙasa, sai jan rami da ruwa ke zuba a ciki. Ya lallaɓa ya manna motar jikin dutse, ƙasa na marmashewa ƙarƙashin tayar gaba, ya yi tsalle ya fita yana cusa duwatsu don kada ta silale. Ya ɗaga waya sama, babu sabis. Ya nuna mini sama da hannu yana magana da sauri, kuma wannan karon ban nemi tafinta ba. Mahayan na tafe, kuma na san wanda ke gaba.

Na fito na kama hawa da ƙafa. Ban taɓa sanin taku zai iya yi wa mutum tsada haka ba. Ina taku kaɗan sai in tsaya in dafa gwiwa, huhuna kamar an zuba masa barkono. Da ƙyar na zagayo kwanar na ƙara 'yar tazara, sai na hango shi can sama yana saukowa, ya kwanta a kan keken, tsakuwa na tashi a bayansa. Can nesa a bayansa Liang ne. Daga inda yake, a lanƙwasar da ke sama, ya riga ya hango ramin, yana ta ihun sunan yaron da iyakar muryarsa. Amma kiran da ya yi masa jiya ne, kiran da ya yi masa shekaranjiya, kiran da kullum ke nufin ƙara wuta. Da idona na ga yaron ya ƙara sunkuyawa.

Na cire hulata ina kaɗawa. Na ce, "Kai. Kai, tsaya." Muryar ba ta fita ba, iska ta kwashe ta. Ya gan ni sarai. Ya ɗauka na fito ne in kalle shi, karo na farko a rayuwarsa, sai ya saki fuska ya ɗan ɗaga mini yatsu biyu daga kan birki. Ya wuce ni kamar walƙiya, iskarsa ta kaɗa mini riga. Na juya, bayansa kawai nake gani, kwanar na gabansa. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina.

"Haruna!"

Na ji sunan ya fita daga bakina da wata murya da ban san ina da ita ba. Sai na ga ya damƙe birki biyu gaba ɗaya, abin da Liang ya hana shi tun ranar farko. Tayar baya ta yi gefe, keken ya kwanta, ya ja shi a kan tsakuwa har bakin kwanar, sannan komai ya tsaya. Ban san yadda na isa wurinsa ba. Yana kwance rigingine, wandon da na sa shi ɗorawa ya yage, jini na fita daga cinyarsa da gwiwar hannu, kafaɗa ɗaya ta sauka. Daga inda kansa yake, da ya ɗan juya zai ga ramin, bai fi tsawon ɗakin nan ba. Amma bai juya ba, ni yake kallo.

"Na'am, Baba," in ji shi.

Na durƙusa a kan tsakuwar nan. Na cire masa hular kwano, na ɗora hannuna a kansa, kan da rabona da taɓa shi tun ranar suna, a ɗaki, babu kowa. Liang ya iso ya yar da kekensa, fuskarsa ba jini, ya leƙa ramin ya dawo ya zauna daɓas a ƙasa yana kuka kamar yaro. Ya kama hannuna da nasa biyu yana ta magana. Na bar masa hannun, amma ɗayan yana inda yake.

Ƙashin kafaɗa ne ya karye, aka ɗaure shi a wani ƙaramin asibiti da ke garin ƙasan dutsen. Washegari da hantsi muna zaune ni da shi a tsakar gidan masaukinmu muna shan rana, na tambaye shi, ina kallon wani wuri, ko an hango ramin ne aka tsaya. Ya ce bai san da wani rami ba sai da aka ɗaga shi.

"To me ya sa aka ja birki haka?"

"Baba ne ya kira."

Na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Na zo duwatsun nan ne ina zaton an ƙwace mini wani abu, sai na tarar yana nan inda na ajiye shi, ba wanda ya taɓa. Da Liang ya fito na yafito shi, na sa yaron ya fassara. Na ce maganar da ya zo da ita gidana, na janye amsata. Na ce amana ce, ba kyauta ba, kuma ya bar cewa kamar ɗansa ne a inda nake ji. Yayanku ya fassara ta farkon. Ta ƙarshen na ga alamar ya haɗiye ta, don Liang rungume ni ya yi.

Kada ku ɗauka abin ya zo mini da sauƙi. Tsarina ya rushe. Sadiƙu, kai da kake son karatun likita, kai aka ɗora wa shago, kuma na san har yau akwai sauran wannan a ranka. Ba yayanka ne ya gudu ya bar maka ba, ni na sake shi, idan da mai laifi ga ni. Ummanku ta yi wata guda ba ta yi mini magana mai daɗi ba, ta ce na je raka yaro na dawo hannu rabbana. Da na tattara na dawo gida gaba ɗaya, shi yana can. Ya yi aure a can, 'ya'yansa Hausarsu sai an lallaɓa. Sallah nawa ta wuce kujerarsa ba kowa, kun fi ni sani. Ranar da aka kwantar da ni a asibiti yana kan wani dutse inda waya ba ta shiga, sai da aka sallame ni ya ji.

Kishin ma bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya. Liang ya tsufa, ya daina hawa, yanzu shi ke zama a mota. Yayanku ne ke kai shi asibiti, shi ke saya masa magani, jikokina suna ce masa kaka da yarensu. Idan an kira ni a waya ta bidiyo na hango furfurarsa a bayansu yana ɗaga mini hannu, ina amsawa, amma sai na ji tuwon ranar ya ƙi wucewa. Shi ya ci moriyar yaron nan, ya ga dariyarsa safe da yamma. Ni har yau idan ya kira, "an wuni lafiya" ce, "lafiya lau, Baba" ce, don ban sake kiran sunan ba tun daga ranar, kuma ba na jin zan sake. A takardar nan ma sau ɗaya na rubuta shi, sai da na ajiye alƙalami na huta.

Amma idan kuka sake zama kuna raba ni da ɗana a baki, ku tuna da wannan. Liang ya kira sunan nan ya fi a ƙirga, a hawa da gangare, har ranar da ya kira shi da kuka a murya, keken bai tsaya ba. Ni sau ɗaya na kira. Ku ɗauki waya ku tambayi yayanku wa ya amsa wa.